Waiwaye: Daga zaibar Leiden zuwa tsinin allura

A shekarar 1911 Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba a Leiden, ƙasar Holan, har kusan digiri 269 ƙasa da sifili, sai ya ga lantarki na ratsa ta babu turjiya ko kaɗan. Sai a 1957 aka san dalili, lokacin da Bardeen da Cooper da Schrieffer suka bayyana cewa ilektiron ne ke haɗuwa biyu-biyu, kuma ba a raba su sai da wani ƙayyadadden ƙarfi da masana ke kira giɓi.

Ivar Giaever na kamfanin General Electric ya samo hanya mai sauƙi ta auna giɓin a 1960. Ya shimfiɗa alminiyom, ya bar iska ta yi masa siririn tsatsa, ya ɗora darma a kai. Ilektiron na kutsawa ta wannan shinge, amma da darmar ta yi sanyi sosai, sai suka ƙi wucewa har sai an ƙara ƙarfin wuta ya kai rabin girman giɓin. Aikin ya ba shi kyautar Nobel a 1973. Sai dai awon na jimla ne, na dukan faɗin ƙarfen.

Na'urar STM, wato madubin duba saman ƙarfe ta hanyar kutsawar ilektiron, da Binnig da Rohrer suka ƙera a IBM kusa da Zurich a 1981 ta maye gurbin shimfiɗar da allura mai tsini. Ana kusanto da ita har kusan ta taɓa ƙarfen, kuma matsawar kashi ɗaya cikin goma na nanomita (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) kan ninka lantarkin kusan sau goma. Da wannan ne ake bin ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya. A 1989 Harald Hess da abokan aikinsa a Bell Labs suka ɗauki hoton ramukan da maganaɗisu ke hudawa a cikin NbSe2, wani sinadari da lantarki ke ratsa shi babu turjiya idan ya yi sanyi, jere reras.

A ganina, matsalar da ta fi muhimmanci ta taso ne da sinadaran jan ƙarfe da aka gano a 1986 cewa su ma lantarki na ratsa su babu turjiya. A cikinsu, wani giɓi na nan daram ko bayan zafi ya kashe wucewar lantarki marar turjiya, don haka ganin giɓi kaɗai ba hujja ba ne. Allurar ƙarfe ilektiron ɗaiɗai take gani. Masani Brian Josephson ya hango tun 1962 cewa tagwayen, wato ilektiron da suka haɗu biyu-biyu, su ma suna iya kutsawa tare. A 2016 ƙungiyar Séamus Davis ta liƙa ɗan ɓarɓashin sinadarin a tsinin allura, ta auna tagwayen kansu, ta ga yawansu yana hawa da sauka a tsare daga wuri zuwa wuri.