Saura a Cikin Gandun Daji: Abin da Dokar Amurka Ta Tanada

Tushen dokar da ke tafiyar da gandayen dajin ƙasa a Amurka shi ne ƙudurin da Shugaba Woodrow Wilson ya sa wa hannu a watan Agustan 1916, wanda ya kafa hukumar kula da gandayen, wato National Park Service. Dokar ta ɗora wa hukumar nauyi biyu: ta adana kyawun wuraren da namun dajinsu da kayan tarihinsu, ta kuma bai wa jama'a damar more su ta hanyar da za a bar wa na baya su ba tare da naƙasu ba. Sai dai dokar ba ta fayyace abin da za a yi da ƙasar da ta riga ta lalace kafin a keɓe ta ba, alhali gandaye da dama, musamman na gabashin ƙasar, an kafa su ne a kan tsoffin gonaki da dazuzzukan da aka sare.

Kundin manufofin hukumar, wanda aka sabunta a 2006, shi ne ya cike wannan giɓi. Asalin ƙa'idarsa ita ce a bar daji ya bi ɗabi'arsa. Itacen da ya mutu a bar shi ya ruɓe a inda ya faɗi, domin gida ne ga ƙwari da tsuntsaye kuma taki ne ga ƙasa, sai fa idan yana barazanar faɗowa a kan hanya ko masaukin baƙi. Ba a sarar katako don kasuwanci. Dokar 1916 ta yarda da sara ne kawai idan ana son daƙile cuta ko ƙwari, ko kare kyawun wurin. Ma'aikata kuwa ba sa sa hannu a al'amuran daji sai da ɗaya daga cikin dalilai huɗu: umarnin Majalisa, ko haɗarin gaggawa ga rai da dukiya, ko tanadin da tsarin gandun ya yi don kare wasu albarkatu da lafiyar jama'a, ko kuma gyara ɓarnar da ɗan Adam ya yi.

A ƙarƙashin wannan dalili na ƙarshe maganar saura take shigowa, kuma a ganina nan ne manufar ta fi nuna hankali. Gonar da aka daina nomawa ba lalle ba ne ta koma yadda take tun asali don an ƙyale ta kawai. Garma ta sauya ƙasar, takin zamani ya ƙara mata sinadaran da tsirran asali ba su saba da su ba, magudanan da manoma suka haƙa sun karkatar da ruwa, kuma sau da yawa baƙin tsirrai ne ke riga na gida kama wuri. Misali mafi shahara yana cikin gandun Everglades na jihar Fulorida, wanda aka kafa a 1947. A tsakiyarsa akwai wani yanki da aka ci gaba da nomawa har zuwa 1975, inda manoma suka farfasa dutsen da ke ƙarƙashin dausayin da manyan garmuna don su samu ƙasar shuka. Da aka bar gonakin, sai wani itace ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda ake kira barkonon Birazil, ya mamaye sama da eka 6,000. An gwada sara da ƙonawa da maganin feshi, itacen yana sake tohowa. Abin da ya yi aiki daga bisani shi ne a kawo katafila a kankare ƙasar noman gaba ɗaya har a iske dutse, sai ruwa ya koma kwanciya kamar da, ciyayin dausayi suka dawo da kansu. Mai wucewa zai ga abin kamar ɓarna, amma bisa ƙa'ida gyara ne.

Idan kuwa sai an yi dashe, manufar ta buƙaci a yi amfani da irin tsirran asali, daga cikin gandun ko wuri mafi kusa da shi. Baƙin tsirrai masu cutarwa ana iya yaƙar su har a kawar da su, matuƙar yin hakan zai yiwu kuma ya dace. Wuta ma ta shiga kayan aiki: bayan shekaru ana kashe kowace gobara, a 1968 hukumar ta amince da cinna wuta da gangan bisa tsari, domin akwai dazuzzukan da ba sa sabuntuwa sai wuta ta bi ta cikinsu. Kafin a fara babban aiki irin waɗannan, dokar muhalli ta 1969 ta wajabta a yi nazarin tasirinsa.

Ba kowace saura ake mayarwa daji ba. Idan gonakin kansu suna da darajar tarihi, hukumar tana ɗaukarsu a matsayin gado. A kwarin Cades Cove na gandun Great Smoky Mountains, ma'aikata suna yanke ciyawa suna kuma cinna wuta lokaci-lokaci don hana itatuwa rufe tsoffin filayen noma, domin mai ziyara ya ga kwarin da gidajen katakonsa da majami'unsa kusa da yadda mazaunansa suka bar shi.