Idan Leɓen Doki Ya Karkace Bayan Tiyata

Masu dawaki da 'yan barga, doki kan farfaɗo daga allurar barci bayan fiɗiya ko wata tiyata, sai a ga bakinsa ya karkace, leɓen ƙasa ya saki, yawu na zuba. Galibi jijiyar da ke motsa fuska ce ta dannu. Tana fitowa daga gindin kunne, rassanta su bi ta saman kunci dab da fata, babu wani kitse da ya kare su. Doki ya daɗe kwance a gefe guda, nauyin kansa ya danne zoben ragama ko ƙullin igiya a kan kuncin, shi ke nan jijiyar ta daina aiki.

Ku tsaya gabansa ku dube shi da kyau. Hanci da leɓen sama kan karkata zuwa ɓangaren da yake lafiya, domin naman can ne ke ja. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su yi ta jinyar ɓangaren da ba shi da komai. Inda leɓe ya saki, ƙofar hanci ta lotsa, nan ciwon yake. Idan kunnen wannan gefe ya langaɓe, ido kuma ba ya rufuwa in an taɓa gefensa da yatsa, to dannuwar ta kai kusa da gindin jijiyar, kuma aikin ya ƙaru.

Ido shi ne abin tsoro. Matsalar karkataccen leɓe da sauƙi, amma idon da ba ya ƙiftawa bushewa yake yi, ya yi gyambo, har a rasa shi, musamman da ƙurar hunturu. A riƙa sa masa man ido mai hana bushewa kamar bayan kowace awa 4 zuwa 6, a ɗaure shi a inuwa inda iska ba ta bugu, a sa masa ragar fuska saboda ƙudaje. Da an ga idon ya yi fari-fari ko yana yawan hawaye, a kira likitan dabbobi a ranar. Zai ɗiga wani launi da ke nuna gyambo, in ta kama ya ɗinke gefen fatar idon na ɗan lokaci. Don Allah kada a sayo maganin ido a kemis a ɗiga kai tsaye. Wasu na ɗauke da sitiroid, wanda ke sa gyambo ya ci ido.

A kwana 2 na farko a naɗe ƙanƙara a tsumma, a ɗora a kuncin minti 15, sau 3 ko 4 a rana. Bayan nan sai gashi da ruwan ɗumi da tausa a hankali. Maganin kumburi irin su fulunizin ko fenilbutazon likita ne zai auna da nauyin dokin. Yawansu na lalata ciki da ƙoda, kuma allurarsu a tsoka kan jawo mummunan ƙurji.

Doki da leɓe yake tsintar abinci, don haka hatsin da aka watsa a faffaɗan daro zai yi ta kuɓuce masa. A jiƙa dusa ta yi laushi, a zuba a bokiti mai zurfi, a ba shi harawa mai taushi ko ɗanyar ciyawa. Ruwa ma a cika bokitin yadda zai nutsa baki. Abinci kan taru a kuncin da ya mutu ya ruɓe, sai a riƙa ɗauraye wurin da ruwa a babban sirinji bayan kowane ci.

A ajiye linzami tukuna, ko da hawan Sallah ya matso. Doki ta hanci kaɗai yake numfashi, ƙofar hancin da ta lotsa kuwa tana tauye iska in yana gudu. Idan ɓangarorin biyu ne suka shanye har yana numfashi da ƙyar, wannan na gaggawa ne.

Jijiyar da ta dannu kawai kan dawo cikin 'yan kwanaki zuwa makonni. Wadda ta lalace sai ta sake tsiro, tana tafiya kamar milimita 1 a rana, wato kusan santimita 3 a wata, shi ya sa ake iya shafe watanni. A ɗauki hoton fuskar da waya kowane mako daga gaba, domin sauƙin ba ya nunawa ga mai ganinsa kullum. Sakiya da ƙuna ba sa tayar da jijiya, sai dai su ƙara tabo. In an wuce wata 6 babu motsi, fatan warkewa gaba ɗaya ya ragu.

Ba kowace karkacewa ce ta ragama ba. Doki mai karkatar da kai ko tangaɗi, a bincika cikin kunnensa da maƙogwaro. Wanda ke dalala, halinsa ya sauya, kuma ba a yi masa tiyata ba, kada kowa ya sa hannu a bakinsa, domin ciwon haukan kare na kama dawaki.

Ranar tiyata, da dokin ya kwanta a cire ragama, a sa katifa ko matashi mai laushi ƙarƙashin kansa. In za a mayar da ragamar kafin ya miƙe, a naɗe zobban da tsumma mai kauri. Mai doki yana da haƙƙin tuna wa likita wannan tun kafin a yi allurar.