Jif ta Alfarma a Kwana: Tambayoyin Direbobi da Masu Motoci

Lexus RX, BMW X5, Mercedes ML da GLE, Audi Q5, Range Rover Evoque, duk sun cika titunan Garwa, Marwa, Ngaundare da Njamena. Yawancinsu na hannu ne, sun yi shekarunsu a Turai ko Amurka kafin su sauka a Dwala. Ga tambayoyin da masu su da direbobinsu suka fi yi game da yadda suke shan kwana.

Me ya raba irin wannan jif da Prado ko Land Cruiser? Ai duk jif ne.

A ido ne kawai suke ɗaya. Prado da Land Cruiser da Lexus GX da LX, ana ƙera shasi mai kauri daban, sannan a ɗora bodi a kai. Su kuwa waɗannan, bodi da shasi abu ɗaya ne, kamar na Camry, kuma kowace ƙafa tana motsi da kanta. Lexus RX da ta fito a 1998 daga tushen ƙaramar mota aka gina ta. BMW X5 ta biyo a 1999, Porsche Cayenne a 2002. Mercedes ML ta farko shasi daban gare ta, sai a 2005 kamfanin ya koma wa haɗaɗɗen jiki. Amfanin wannan ƙira shi ne nauyi ya ɗan sauko ƙasa, jiki ba ya murɗewa, sitiyari kuma yana amsa hannu da wuri. A kan kwalta mai kyau RX ko X5 ta fi Prado iya kwana nesa ba kusa ba. A cikin yashin mayo, wato kogi, ko laka kuwa, Prado ce gwana.

To za su sha kwana kamar ƙaramar mota?

Ba za su kai ba, kuma dalilin biyu ne: nauyi da tsayi. Camry tana wajen tan ɗaya da rabi, RX 350 ta kusa tan biyu, X5 ta haura biyu. Cibiyar nauyin ƙaramar mota tana wajen santimita 55 daga ƙasa, ta irin wannan jif kuwa wajen 65. Santimita goma ba ta da yawa a ido, amma a kwana ita ce ke kwashe nauyi daga tayoyin ciki ta jibga wa na waje. Wanda ya ɗauki tulu a ka ba ya juyawa yadda mai riƙe da shi a hannu yake juyawa. Taya kuma tana da wata ɗabi'a: in ka ninka mata nauyi, riƙonta ba ya ninkuwa daidai. Saboda haka duk nauyin da ya koma gefe ɗaya, ragi ne a jimlar riƙon motar.

Injiniyoyi suna ɓoye wannan da faffaɗar taya, da sifirin mai tauri, da kwamfuta. Sun iya ɓoyewa ƙwarai, kuma nan ne abin damuwa yake. Mota ba ta ƙara, ba ta girgiza, sanyi na busawa, direba yana kilomita 110 amma jikinsa na gaya masa 70 yake yi. Tsohuwar fijo tana gargaɗinka da rawar jiki tun kafin ka kai iyaka. Wannan sai ka kai ka wuce ba ta ce uffan ba.

A ba mu lissafi. Da gudu nawa ake shiga kwana?

Ƙarfin da ke tura mota waje yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa. Ka ninka gudu sau biyu, turin ya ninka sau huɗu. Mu ɗauki kwana mai lanƙwasar da'irar da ke da mita 50 daga tsakiya zuwa baki, irin wadda ake samu a hawan dutse. A kilomita 50 cikin awa, turin gefe ya kusa kashi 40 cikin ɗari na nauyin motar. A kilomita 70 ya haura kashi 75. A kilomita 80 ya kai nauyin motar gaba ɗaya.

Yanzu a duba abin da ƙasa za ta iya bayarwa. Taya mai lafiya a busasshiyar kwalta tana riƙe wajen kashi 80 zuwa 90, wato iyakar wannan kwana kilomita 70 da 'yan kai ne. Idan kwalta ta jiƙe, riƙon ya sauko wajen kashi 55, iyaka ta dawo ƙasa da 60. Idan iska ko ruwa ya shimfiɗa yashi ko tsakuwa a kan kwanar, abin da ke yawan faruwa a shataletalen Njamena da bakin gadojin mayo, riƙon bai wuce kashi 40 ba, iyaka kilomita 50. Wannan iyaka ce ta sulɓewa, ba gudun da za a shiga da shi ba. Mai hankali yana barin tazara mai yawa, domin ba a san ko babur ko garken shanu na bayan kwanar ba. Ruwan farko na damina ya fi kowane santsi, saboda yana tayar da mai da ƙurar da suka kwanta tun rani.

Wacce ta fi iya kwana a cikinsu?

Idan sababbi ne a kan kwalta mai sumul, Porsche Macan da Cayenne da BMW X3 da X5 ne a gaba. Injinsu a tsaye yake daga gaba zuwa baya, nauyi ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, kuma ƙafafun baya ne ke karɓar kaso mafi yawa na ƙarfi. Audi Q5 tana da natsuwa amma gabanta ya fi nauyi. Lexus RX don taushi aka yi ta: injinta a kwance yake, gaba ne ke ja, tana kwantawa gefe, kuma in aka matsa mata sai hancinta ya zarce waje.

Amma a ra'ayinmu wannan jeri bai da amfani sosai a hanyar Garwa zuwa Marwa. RX mai sababbin taya da lafiyayyen shokozoba ta fi X5 mai tayar da ta shekara takwas aminci a kowace kwana. Kuma taushin RX yana sa tayarta ta zauna a ƙasa inda kwalta ta yi gargada, alhali mota mai taurin sifirin tana tsalle, taya kuwa ba ta riƙe komai tana sama.

Motata duk ƙafafu huɗu ke ja. Ba wannan ne maganin sulɓewa ba?

A'a, Alhaji. Jan ƙafa huɗu yana taimakawa wajen tashi da fita daga yashi da hawa tudu. Ba ya ƙara wa taya riƙo a gefe, ba ya rage nisan birki. Kowace mota ƙafa huɗu take birki da su.

Akwai wata fitila mai hoton mota tana zamewa da ta ƙi mutuwa. Makanike ya ce ba komai.

Akwai komai, kuma babba. Wannan ita ce na'urar hana sulɓewa: Mercedes tana kiranta ESP, Audi ESP ko ESC, BMW DSC, Toyota da Lexus VSC, Porsche PSM. Tana karanta gudun kowace taya, da inda sitiyari ya nufa, da yadda jikin mota ke juyawa. Idan hanci ya zarce, sai ta kama birkin tayar baya ta ciki. Idan baya ne ya kwashe, sai ta kama tayar gaba ta waje, ta rage wuta. Duk wannan kafin direba ya ankara. Mercedes ta fara sa ta a 1995, Amurka ta wajabta ta ga motocin 2012 zuwa sama, Tarayyar Turai ga duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. A 2010 sai da Toyota ta dakatar da sayar da Lexus GX 460 ta sake saita kwamfutarta, don gwaji ya nuna bayanta yana kwashewa kafin na'urar ta shigo. Doguwar mota ta dogara da wannan na'ura fiye da gajera.

Idan fitilar tana ƙiftawa a kwana, aiki take yi, kuma tana gaya maka ka wuce gona da iri. Idan ta tsaya a kunne, na'urar ta kashe kanta. Abin da ya fi jawo haka a nan: wayar na'urar karanta gudu ta tsinke a bayan taya ko laka ta toshe ta, batir ya yi rauni, an sa tayoyi masu girma daban-daban, ko an yi alaimen ba a sake saita ma'aunin sitiyari da kwamfuta ba. A sa na'urar bincike ta faɗi lambar matsalar. Wasu masu sayar da mota kan cire ƙwan fitilar ko su rufe shi, don haka mai saye ya murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ya tabbatar fitilar ta kama sannan ta mutu bayan daƙiƙu kaɗan ko bayan an tayar da inji. Wadda ba ta kama ko kaɗan, an taɓa ta.

Wace taya ta dace, kuma iska nawa?

Nan ne rabin maganar take. Fara da shekaru: a gefen taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta wuce shekara shida a zafin Marwa ko Kusiri, inda rana kan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, robarta ta bushe ko da zanenta na nan ɓul. Sannan a duba ko akwai hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki. Wannan galibi tayar hunturun Turai ce, an yi ta don sanyin da ke ƙasa da digiri 7. Suna shigowa da yawa cikin tayoyin hannu saboda araha. A kwaltarmu mai zafi sai ta yi laushi, mota ta riƙa lilo a kwana, birki ya yi nisa.

Iska kuwa, ba abin da ke rubuce a jikin taya ake bi ba, wannan iyakarta ce. Ana bin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, yawanci tsakanin 2.2 da 2.5 a ma'aunin bar, ko 32 zuwa 36 a ma'aunin PSI, da ƙari a baya in an cika kaya. A auna da safe kafin a yi tafiya. Bayan doguwar tafiya ma'auni zai nuna ƙarin 0.2 ko 0.3, kada mai faci ya sauke ta, in ta huce za ta koma daidai. Ƙarancin iska shi ke sa gefen taya ya lanƙwashe a kwana, ya yi zafi, ya fashe.

Zurfin zane kada ya gaza milimita 3 idan damina ta shigo. In taya biyu kaɗai za a saya, sababbin su tafi baya, ko da gaba ne ke ja, domin zarcewar hanci ana gyara ta da sakin totur, kwashewar baya kuwa ba kowane direba ke tare ta ba. A motocin BMW masu jan ƙafa huɗu, bambancin tsayin taya gaba da baya yana cinye akwatin raba ƙarfi, gyaransa kuma ya fi kuɗin taya huɗu.

Rim mai inci 20 ko 21 yana da kyau a ido, yana kuma sa sitiyari kaifi. Amma tayar 275/40 R20 kaurin gefenta milimita 110 ne, ta 235/60 R18 kuwa 141. Wannan bambanci shi ne tsakanin wucewa rami lafiya da fitowa da ƙulu a gefen taya ko lanƙwasasshen rim. Ga hanyar Mora zuwa Kusiri, mafi ƙanƙantar rim da kamfani ya yarda da shi ga motar shi ne zaɓi.

Da motar tana zama daram a kwana, yanzu tana kwantawa tana lilo. Me ya lalace?

A duba abu huɗu bi da bi. Shokozoba: in akwai danshin mai a jikinsa, ko mota ta ci gaba da rausaya bayan ta haye tudun rage gudu, ya mutu, kuma biyu ake canzawa tare, dama da hagu. Sitabilaiza, wato sandar ƙarfen da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu: 'yan sandunan da ke riƙe bakinta su ne ke fara ƙara ƙwas-ƙwas a gargada. Ba su da tsada, amma akwai masu cire su su yar don ƙarar ta daina, mota kuma ta rasa abin da ke hana ta kwantawa. Na uku robobin hannun ƙafa, in sun tsage sai mota ta riƙa kaucewa idan aka taka birki. Na huɗu alaimen, wanda rami ɗaya mai kyau ya isa ya ɓata shi.

Masu balan-balan na iska a madadin sifirin, irin su ML, GLE, Q7, Cayenne da manyan Range Rover, zafi da ƙura suna tsattsaga robar. Alamar farko, ka wayi gari gefe ɗaya ya zauna. In aka ƙyale, famfon iskar zai yi ta aiki har ya ƙone. Mayar da su sifirin ƙarfe yana yiwuwa, amma da cikakken saitin da aka yi don wannan motar, ba sifirin wata mota da aka yanke ba, kuma kada a ɗaga ta ta fi tsayinta na asali.

Kaya a rufi fa?

Yawancinsu kilo 75 ne iyakar rufi, wasu 100, har da nauyin ƙarfen ɗaurin. Buhun masara ɗaya ya cinye wannan. Mai nauyi ya kwanta a ƙasan but, a matse da bayan kujera.

Yaya ake sauka gangaren Falez tsakanin Ngaundare da Mbe, ko kwanonin Mokolo da Koza?

Tun daga sama a mayar da giya hannu, a sa ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe mota. Tan biyu da fasinja biyar a kan birki kaɗai na tsawon gangare yana dafa man birki. Sabon man birki mai lamba DOT 4 ba ya tafasa sai a digiri 230, amma yana shan danshi, in ya tsufa yana iya tafasa a 155, ƙafa ta nutse har ƙasa ba birki. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu.

A gama rage gudu mota tana miƙe, kafin a karya sitiyari. Taya ba ta iya ba da cikakken birki da cikakkiyar kwana lokaci ɗaya. A cikin kwanar a riƙe totur daidai, ido yana kan mafita, hannu biyu a sitiyari, a zauna a hannun dama, don tirela mai hawowa takan ci layi. Idan hanci ya zarce, a saki totur a hankali, kada a ƙara murɗa sitiyari.

Abin da ya fi kifar da irin waɗannan motoci ba kwanar kanta ba ce. Taya ce ke faɗawa gefen kwalta inda ruwa ya zaizaye, direba ya firgita ya fizgo sitiyari, taya ta ciji bakin kwalta ko ta nutse a ƙasa mai laushi, doguwar mota ta tuntsure. In haka ta faru, a riƙe sitiyari a miƙe, a ɗage ƙafa daga totur, a bar tayoyi biyu su ci gaba a ƙasa har gudu ya sauko wajen kilomita 40, a duba madubi, sannan a hau kwalta da ɗan karkatarwa kaɗan. Kowa a motar, har na kujerar baya, ya kasance da bel a ɗaure tun daga tasha.