Dumama nonon da aka bayar ba ya mayar da shi ruwa

An daɗe ana cewa nonon uwa da aka dumama sannan aka daskarar a bankin nono, wato wurin da ake tara nonon da wasu iyaye mata suka bayar don jarirai masu buƙata, bai fi madarar gwangwani ba. Ba haka ba ne.

Bankunan nono, irin wanda aka buɗe a asibitin Pumwani a Nairobi a 2019, kan dumama nonon a zafin digiri 62.5 na ma'aunin Celsius na tsawon minti 30, su sanyaya shi nan take. Wannan yana kashe ƙwayoyin cuta, har da HIV. Mai da sukarin nono da mafi yawan furotin suna nan daram, haka ma sukarin nan na musamman da ke ciyar da ƙwayoyin hanji masu amfani.

Asara dai akwai. Ƙwayoyin garkuwar jiki masu rai suna mutuwa, sinadarin da ke taimaka wa jariri narkar da mai yana lalacewa, bitamin C yana raguwa. Shi ya sa bakwaini kan yi jinkirin ƙara nauyi, har likitoci su ƙara wa nonon sinadarai. Duk da haka ya fi madarar gwangwani kare hanjinsa daga ruɓewa.

Ana iya ƙara ɓarna wajen narkar da daskararren nonon. Tafasawa tana lalata furotin ɗin kariya. A narkar cikin firij, a yi amfani da shi cikin awa 24, kada a sake daskarar da shi. A juya kwalbar a hankali kafin a ba jariri, domin man yana maƙalewa a jikinta.