Abin da ke taso da kifi saman ruwa da asuba

'Yan uwa masu kiwon kifi a Daura da kewaye, ku riƙa leƙa tankunanku bayan sallar asuba, kafin rana ta fito. A lokacin ne ruwa ke nuna halin da yake ciki.

Da rana, gansakukar da ke sa ruwa ya yi kore tana shan iskar kabon dayoksaid, tana ba da oksijin. Da dare ya yi sai ta daina. Ita da kifin da ragowar abincin da ke ruɓewa a ƙasan tanki duk su koma shan oksijin suna fitar da kabon. Wannan iska in ta narke a ruwa tsami take sa masa, ta kuma hana kifi fitar da tasa, har jininsa ma ya soma tsami. Jinin da ya yi tsami ba ya riƙe oksijin da kyau. Shi ya sa za ka ga karfasa ta yi cincirindo a sama tana buɗe baki, ka watsa abinci ta ƙi kulawa.

Mu da awaki da kaji, in kabon ta yi yawa a jini sai numfashi ya ƙara sauri, ƙoda kuma ta taimaka daga baya. Kifi ba ya samun wannan sauƙin idan ruwan kansa ya cika da iskar. Aikin yana komawa kan jan naman nan da ke ƙarƙashin marfin kunnensa. Ta nan yake fitar da tsamin ya karɓi sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, daga ruwa, ya kuma tara sinadarin baikabonet a jini, irin wanda ke cikin kanwa mai kashe tsami. Gyaran yana ɗaukar sa'o'i, wani lokaci kwanaki, kuma ƙarfin da ya kamata ya tafi ga girma ne ake ƙonawa. Tarwaɗa na iya shaƙar iska daga sama, saboda haka takan jure, mai ita ya ɗauka lafiya lau, alhali abincin da ya saya da tsada ba ya zama nama.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan burtsatse. Yana fitowa garau, amma sau da yawa kabon ta yi masa yawa, oksijin kaɗan. Kada a tura tiyo kai tsaye cikin tanki. A ɗaga bututu ruwan ya zubo daga sama yana fantsama, ko a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen tanki.

A nemi takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, a auna da asuba da la'asar, tsakanin 6.5 da 9 ake so. Idan kududdufin ƙasa ne mai yawan tsami, farar ƙasa ta noma ake sawa, da awo, bayan an tuntuɓi malamin gona. Don Allah kada a zuba kanwa da ka, domin sauyin gaggawa shi ma kisa yake. Ranar da kifi ya taso, a dakatar da abinci, a rage tsohon ruwa, a ƙara sabo.