Ƙarancin Gogaggun Ma'aikata a Kamfanoni

Ƙarancin gogaggun ma'aikata yanayi ne da kamfani ke shiga idan yana da gurbin aiki, takardun neman aiki kuma sun cika masa tebur, amma waɗanda suka taɓa yin aikin har suka goge a cikinsa ba su taka kara sun karya ba. A Najeriya matsalar ta fi fitowa fili a fannin lafiya, fasahar kwamfuta da gine-gine. Daga cikin musabbabanta akwai ficewar likitoci, ma'aikatan jinya da injiniyoyi zuwa Ingila, Kanada da Saudiyya, sai kuma tazarar da ke tsakanin karatun aji da aikin hannu. A wuraren gini na Abuja, alal misali, 'yan kwangila sun daɗe suna ɗauko masu ɗaura tayil daga Togo da Jamhuriyar Benin.

Hanyar da ta fi ɗorewa wajen magance matsalar ita ce kamfani ya horar da nasa ma'aikatan. Domin haka ne gwamnatin tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, a shekarar 1971, hedikwatarsa kuma tana Jos. Kamfanonin da doka ta hau kansu suna biyan asusun kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu a shekara, kuma wanda ya gabatar da shaidar cewa ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida yana iya karɓar har rabin abin da ya biya. Asusun ne kuma ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, wanda ke tura ɗaliban jami'o'i da kwalejojin fasaha zuwa ma'aikatu na wasu watanni. Kamfanin da ya ɗauki waɗannan ɗalibai da muhimmanci, maimakon ya mayar da su 'yan aike, yana samun damar gwada hali da hazaƙar mutum tun kafin ya ba shi takardar ɗaukar aiki. Haka lamarin yake ga masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda ke shafe kusan shekara guda a hannun ma'aikata.

Tsarin ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin a garejin kanikawa na Apo da ke Abuja yaro yakan fara da wanke sifana da miƙa wa maigida kayan aiki, sannan a hankali a sakar masa inji. Abin da kamfanoni ke ƙarawa shi ne rubutaccen jadawali, alawus, da haɗa kowane sabon shiga da tsohon hannu, wani lokaci ma da wanda ya yi ritaya aka dawo da shi bisa kwantiragi.

Wasu kamfanonin sukan sassauta sharaɗin shekarun aiki da suke gindayawa a tallar gurbi, su maye shi da gwaji a aikace. Wasu kan ɗauko ƙwararru daga ƙetare da izinin Ma'aikatar Cikin Gida, wadda ke sharɗanta a haɗa baƙon da 'yan ƙasa masu koyo a ƙarƙashinsa.

Babbar fargabar masu kamfani ita ce su kashe kuɗi a kan mutum, da ya iya aiki kuma wani ya ɗauke shi. Shi ya sa ake sa wanda aka horar ya rattaba hannu kan yarjejeniyar zama na ƙayyadadden lokaci, ko da yake biyan albashi a kan kari da ƙarin girma daga cikin gida sun fi takarda riƙe ma'aikaci, musamman a Abuja inda kuɗin haya da na mota ke cinye kaso mai tsoka na albashi.