Taron Shekara-shekara na Ƙungiyar Laburare ta Nijeriya

Taron shekara-shekara na Ƙungiyar Laburare ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NLA, shi ne babban zauren da ma'aikatan ɗakunan karatu na ƙasar ke haɗuwa domin gabatar da maƙaloli, ƙara wa juna sani da tattauna al'amuran sana'arsu. Mahalartansa sun haɗa da ma'aikatan laburaren jami'o'i, kwalejojin ilimi, kwalejojin kimiyya da fasaha, hukumomin laburare na jihohi da Laburaren Ƙasa. Ba shi da mazauni guda, domin jihohi ke karɓar baƙuncinsa bi da bi.

Asali

Tushen taron ya girmi ƙungiyar kanta. A shekarar 1953 hukumar UNESCO ta shirya taron bita a Ibadan kan bunƙasa ɗakunan karatu na jama'a a Afirka. A lokacin ƙwararrun ma'aikatan laburare a yammacin Afirka ba su da yawa, galibinsu kuma Turawa ne, kowa yana aiki shi kaɗai a garin da aka ajiye shi. Daga wannan zama aka fito da shawarar kafa ƙungiya, kuma a wajajen 1954 aka kafa Ƙungiyar Laburare ta Afirka ta Yamma, wato WALA, wadda ta tattara ƙasashe renon Ingila: Nijeriya, Gana, Saliyo da Gambiya. Jagoranta na farko shi ne John Harris, mutumin New Zealand da ya shugabanci laburaren Kwalejin Jami'a ta Ibadan tun 1948, wanda har yau ake kira uban aikin laburare a Nijeriya.

Babban abin da WALA ta sa a gaba shi ne horo. Kafin wannan lokaci, duk mai son takardar ƙwarewa sai ya zauna jarrabawar ƙungiyar laburare ta Ingila, ko ta hanyar wasiƙa ko ya tafi can. Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta turo wani masanin laburare, Harold Lancour, a 1957 ya duba lamarin, kuma rahotonsa ya kai ga buɗe makarantar koyon aikin laburare a Ibadan a wajajen 1959 zuwa 1960.

Samun 'yancin kai ya sauya lissafi. Gana ta samu nata a 1957, Nijeriya a 1960, kowace ƙasa kuma ta fi son ƙungiyar da za ta yi magana da gwamnatinta kai tsaye. A 1962 WALA ta watse, aka kafa NLA a Nijeriya, Gana ma ta kafa tata. Kalu Okorie ne shugaban NLA na farko. Ƙungiyar na cikin masu matsa lambar da ta haifar da dokar kafa Laburaren Ƙasa a 1964, sannan ta fara fitar da mujallarta mai suna Nigerian Libraries, inda aka buga da yawa daga maƙalolin tarukan farko.

Arewa da taron

Jihar Arewa ta shigo wannan harka da nata tarihin. Tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu akwai ɗakunan karatu na En'e a manyan garuruwa, inda ake ajiye jaridu da 'yan littattafai, kuma a farkon shekarun 1950 aka kafa laburaren jiha a Kaduna mai aika akwatunan littattafai zuwa larduna. Matsalar ita ce ƙarancin ma'aikata masu horo. A 1963 F. A. Sharr, wani masanin laburare daga Ostareliya, ya rubuta rahoto kan buƙatun Arewa a wannan fanni, kuma a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen koyar da ilimin laburare. Jami'ar Bayero ta Kano da ta Maiduguri sun biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. Ɗaliban waɗannan sassa ne suka cika laburaren kwalejojin Arewa, su ne kuma suka ƙarfafa rassan ƙungiyar a jihohi.

Zariya ta fara da digirin farko, Ibadan kuwa ta tsaya a kan horo bayan digiri. An yi shekaru ana muhawara kan wanne ya fi dacewa. Yawancin jami'o'i sun bi tsarin digirin farko daga baya.

Ma'aikatan kwalejoji

Ga ma'aikacin laburaren kwaleji, halartar taron ta wuce ziyara. A manyan makarantu ana lissafa ƙwararren ma'aikacin laburare cikin malamai, saboda haka ƙarin girmansa ya rataya a kan maƙalolin da ya gabatar da waɗanda aka buga masa. Akwai masu ganin wannan ya ɗaga darajar aikin, akwai masu cewa ya janye hankali daga hidimar mai karatu.

Shugabannin laburaren kwalejojin ilimi suna da kwamitinsu, COCLIN, na kwalejojin kimiyya da fasaha kuma suna da COMPLIN. A nan ake tattauna abin da ya fi damun kwaleji: cika sharuɗɗan masu tantance kwasa-kwasai daga hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi ko NBTE mai kula da kwalejojin kimiyya da fasaha, kuɗin sayen littattafai da mujallu, wutar lantarki, da mayar da katin katalog zuwa kwamfuta. Sashen ƙungiyar mai kula da tsara katalog da rarraba littattafai yana shirya bitarsa daban, kuma ma'aikatan ƙananan kwalejoji kan ce a nan suka fi ƙaruwa, domin a kwaleji da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da wannan aiki duka.

Kuɗi shi ne babban cikas. Rajista, mota da masauki sun fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai makaranta ta ɗauki nauyi ko a samu tallafin halartar taro na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, wanda ke ga makarantun gwamnati kaɗai. Sau da yawa shugaban laburare ke tafiya, mai zama a teburi yana ba ɗalibai aron littafi kuwa a bar shi tsaron gida, alhali shi ya fi sanin abin da masu karatu ke nema.

Tsari a yau

Taron kan ɗauki kwanaki kaɗan, da jigo guda, baje kolin littattafai, da babban zaman 'yan ƙungiya inda ake karanta rahoton kuɗi, a yi zaɓe idan wa'adi ya cika. An yi taron cikar ƙungiyar shekara 50 a Abuja a 2012. Rajistar ƙwararru kuwa aikin majalisar rajistar ma'aikatan laburare ta Nijeriya (LRCN) ce, wadda aka kafa da doka a 1995.

Alaƙa da ƙetare

NLA mamba ce a tarayyar ƙungiyoyin laburare ta duniya, IFLA, da aka kafa a 1927, wadda ta yi babban taronta na farko a Afirka a Nairobi a 1984. Akwai kuma AfLIA, tarayyar ƙungiyoyin laburare ta nahiyar Afirka, mai hedikwata a Akara.